Gefen da Babu Gishiri

Ni malamar firamare ce, aji huɗu nake riƙewa, don haka ku yi min uzuri 'yan uwa in kuka ga ina jero muku maganar nan daki-daki kamar darasi. Haka kawai na iya ba da labari. Ko kuka zan yi, sai na cire tabarau na ninke na ajiye tukuna.

Shekara biyu ke nan wani likitan dabbobi yake nemana. A gidanmu Dokta ake ce masa, in kuma Umma ta ji haushinsa ta ce likitan awaki. Haushin nasa kuwa ta daɗe tana ji, don bai taɓa kawo mahaifiyarsa gidanmu ba, ni ma bai kai ni na gaishe ta ba. Kullum da safe ina ɗaura agogo Umma na tuna min cewa na doshi talatin, ga ƙanwata Auta ta taso har ta kere ni a tsawo. Takan ce mutumin da ke iya danne bijimi ya yi masa allura bai kamata ya ji tsoron uwarsa ba. Ni dai in ce mata a ƙara haƙuri. Haƙuri ai sana'ata ce. Wanda ya koya wa yara arba'in riƙe fensir ba ya gaggawa.

Mahaifiyar tasa, Hajiya, tsohuwar nas ce da ta ajiye aiki. Hawan jini ya sa ta gaba, likita ya hana ta nama, ya ce ta yi nesa da gishiri. Dokta ya ce tun daga lokacin abinci ya fita ranta, duk abin da aka kai mata sai ta ɗanɗana ta ture, har zobenta ya fara yi mata yawa a yatsa. Maganar zoben nan ce ta tsaya min a rai. Na shiga kicin na yi ta gwaji, na ɓata ƙwai ba adadi, har na dace da abin da nake nema: wainar ƙwai mai kauri, wadda ake cika ta da kayan lambu da cuku, a fara ta a kan wuta, a ƙarasa ta a obin, a yanka ta kamar kek.

Bari in gaya muku yadda nake yin ta, don duk abin da ya same ni a cikin kaskon nan yake.

Ina fara tafasa dankalin turawa, yanka siri-siri, ya ɗan yi laushi kawai. Alayyafo in zuba masa ruwan zafi, in juye shi a farin ƙyalle mai tsabta, in murɗa in matse har sai ɗigon ƙarshe ya fita. Wanda ya yi kasalar matsa, wainarsa ruwa za ta tara a ƙasa. Albasa in soya ta a hankali da man zaitun, wuta ƙasa-ƙasa, har ta yi zaƙi, sannan tattasai ja da kore su bi baya. Ƙwai takwas, madara rabin kofi, masoro kaɗan, in kaɗa in juye a kan kayan lambun. Gishiri ba na sa shi a cikin ƙwan. Sai na juye nake barbaɗa shi a sama, tare da gurzajjen cuku, a kashi uku na kaskon. Kashi na huɗu in bar shi babu gishiri ko ƙwaya ɗaya, cukun ma ɗan kaɗan, tunda shi ma da gishirinsa yake zuwa. Don kada gefen ya ɓace min, sai in ɗora masa albasa yankan zobe guda uku. Wannan na Hajiya ne. Da gefe-gefen ya kama sai obin, minti goma sha biyu, a fitar tun tsakiyar na ɗan rawa, a bar ta ta huta.

Matsalar ɗaya ce. Ranar Asabar ina da darasin yaran da za su yi jarabawa, daga tara zuwa sha biyu. Auta kuwa shagon gyaran gashin da take aiki a layin su Hajiya yake. Sai muka shirya: in tashi da sassafe in yi, in naɗe kaskon da tawul, ita ta biya ta miƙa. Ranar farko na ce mata ta gaya wa Hajiya gefen mai zoben albasa nata ne, na fara yi mata bayanin dalili, amma idonta na kan waya. Ta ce, "To Yaya, na ji," ta ɗauka ta fita.

Da azahar saƙon Dokta ya shigo ina ofishin malamai: "Hajiya ta cinye nata tas. Ta ce Allah ya yi wa mai hannun nan albarka." Na karanta ya fi sau goma. Har maƙwabciyar teburina ta tambaye ni ko ƙarin girma aka yi min.

Haka muka yi Asabar tara.

Yanzu da nake waiwaye, alamomin a fili suke kamar rubutu a allo. Auta da ke zuwa aiki da silifas ta fara sa takalmi mai tsini ranar Asabar. Ta fara aron mayafina ruwan hoda. Ta fara dawowa a motar Dokta, wai ya gan ta a hanya. Saƙonninsa suka gajarce, daga layi biyar zuwa "An gode." A sati na biyar ta zo ta zauna a bakin gadona ta ce in rubuta mata kayan haɗin. Wallahi daɗi na ji. Ni na koya wa yarinyar nan karatu, ni na koya mata ɗaura ɗankwali, ga shi yau da kanta ta nemi darasi. Na samo kati na rubuta mata tsaf, har da jan layi da jan biro a wuraren da ake yawan kuskure. Ban rubuta maganar gishirin ba, don a zatona ta riga ta sani.

Ranar Asabar ta tara Auta ta dawo ta ce wa Umma Hajiya za ta zo gobe da hantsi, ta karya tare da mu. Umma ta rasa inda za ta sa kanta don murna, har ta daina cewa likitan awaki. Ni kuma sai ga saƙonsa: "Hajiya ta matsa sai ta zo. Akwai maganar da nake so mu yi kafin nan." Na kira sau uku bai ɗauka ba. Can ya rubuto cewa wata saniya ce ke naƙuda, zai neme ni. Bai neme ni ba.

Lahadi tun da asuba na goge falo, na canza labule, na fito da farantan da Umma ke ɓoyewa a saman kabad. Na haɗa wainar a babban kasko, ƙwai goma sha biyu wannan karon, na jera zoben albasata uku, na tura obin. Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni a hannu. Na nemi mayafina ruwan hoda ban gan shi ba, sai na yafa fari. A wuyan hannuna akwai tabon ƙunar da ƙofar obin ta yi min tun sati na biyu, na ja hannun rigar na rufe.

Goma da rabi suka yi sallama. Hajiya doguwa ce siririya, tabarau a rataye a wuya, idonta irin na masu duba mutum su san inda ke masa ciwo. Na rusuna na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta ce, "Ke ce yayar, malamar makarantar? Ƙanwarki tana yawan yabonki."

Kafin in gama juya maganar a kaina Auta ta fito, mayafina a kafaɗarta. Hajiya ta buɗe hannu ta jawo ta ta zaunar kusa da ita, ta juya wajen Umma. Ta ce ita ba mai dogon zance ba ce. Ɗanta ya daɗe yana ce mata akwai yarinyar da yake so a gidan nan, ita kuma ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba, sai da yarinyar ta yi sati tara tana tashi da sassafe tana dafa mata abin da ya dawo mata da cin abinci. Ta ce ta zo ne ta ga gidan da ya yi wannan tarbiyya, ta kuma faɗa da bakinta cewa ta amince. Duk maganar nan hannunta na kan kafaɗar Auta.

Na dubi Dokta. Mukullin motarsa yake kallo kamar yau ya fara ganinsa. Na dubi Auta, ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki, sai na ji ƙafar Umma a kan tawa, ta danna.

Agogon obin ya yi ƙara. Shi ya cece ni, na tashi.

Umma ta biyo ni kicin ta turo ƙofa. Ta rantse ba ta san komai ba, kuma na yarda da ita. Amma abin da ta ce bayan nan shi ya fi yi min ciwo. Ta ce in rufa mata asiri, kada in tozarta ƙanwata a gaban baƙuwa, in bari a ci a tashi lafiya, daga baya a zauna a gyara. Ta ce ai duk gida ɗaya ne. Na ce mata to.

Tana fita Dokta ya shigo, wai zai taya ni ɗaukar faranti. Ina fito da kaskon, ban juya ba na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ce tun sati na uku. Ya ce ranar farko Hajiya ce ta ɗauka Auta ce ta dafa, ita kuma Autar kunya ta hana ta gyara mata. Da ya gane ya so ya yi magana, amma ya ga yadda Hajiya ta sake da ita, tana dariya, tana cin abinci, ya ji tsoron jininta ya hau in ta ji an yi mata ƙarya. Ya ce kullum cewa yake sati mai zuwa zai faɗa.

"Sati shida kana turo min an gode," na ce.

"Malama, ki fahimce ni. Ke mai haƙuri ce."

"Ita fa? Kana son ta?"

Ya ɗauki faranti biyar ya ce kada abincin ya huce.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na sha jin karin maganar nan, har na koyar da ita a aji, ban taɓa sanin nauyinta ba sai da na ɗauko kaskon nan da hannu biyu na kai shi tebur. Ta yi kyau kuwa, ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Saman ya yi ruwan zuma, cukun ya narke ya ɗan ƙone a baki-baki, ja da kore suna leƙowa.

Hajiya ta ce 'yarta ta yanka da hannunta. Auta ta ɗauki wuƙa. Tana cikin yanka Hajiya ta ce akwai abin da ta daɗe tana son tambaya. Ta sa mai aikinta ta gwada yi sau biyu, duk ruwa yake tarawa a ƙasa. Mene ne sirrin?

Auta ta tsaya. Idonta ya tafi sama, leɓenta na motsi, tana neman layin a katin da na rubuta mata. Na san fuskar nan. Ita nake gani kullum in na tsayar da yaro ya kawo jadawalin bakwai ya maƙale. Shekara takwas ina aikin nan, kuma ban taɓa iya barin yaro a tsaye cikin kunya ba. Kafin zuciyata ta hana ni, bakina ya riga ya raɗa, "Alayyafon..."

"Alayyafon ake matsewa a ƙyalle, Hajiya," in ji Auta da sauri. "Sai ruwan ya fita duka."

Hajiya ta gyaɗa kai. Ni kuwa ji na yi kamar in mari kaina. An sace min abu a gabana, ni kuma na riƙe wa ɓarawon fitila.

Auta ta rarraba. Yankan da ya fi kyau a ido, mai zoben albasa, ta ɗora a farantin Dokta. Hajiya ta samu na tsakiya, inda cuku ya fi taruwa, inda na fi sakin hannu da gishiri. Na ga ta ɗauki cokali mai yatsu. Na tuna zoben da ya yi mata yawa, na tuna ƙwayoyin da Dokta ya ce tana sha safe da yamma. Duk abin da aka yi min, matar nan ba ta da laifi a ciki. Na miƙa hannu na janye farantin gabanta, na ɗauko na gaban ɗanta na ajiye mata, na mayar masa da ɗayan. Hannun rigata ya zame, tabon ƙunar ya fito, na mayar na rufe.

Hajiya ba ta ci ba tukuna. Ta ɗauki tabaraunta ta sa. Ta dubi farantin, ta dube ni, sannan ta juya wajen Auta ta yi tambaya a hankali, kamar mai tambayar mara lafiya yadda ya kwana.

"'Yata, zoben albasar nan da kike sa min kullum a gefe ɗaya, na mene ne?"

Auta ta dube ni. Wannan karon na sa ido a kan kofin shayina.

"Ado ne, Hajiya," ta ce. "Don ya yi kyau."

Hajiya ta ce, "Uhm." Ta yanki kaɗan daga nata ta tauna. Ta miƙa cokalin ta gutsiri na farantin ɗanta, ta taɓa a harshe, ta ajiye. Daga nan ba ta sake tayar da maganar aure ba. Ta cinye nata tsaf, ta yi wa Umma hirar tsadar tumatir da ciwon gwiwa. Umma na amsawa da dariyar da ba ta kai ciki ba. Dokta ya sha ruwa kofi uku.

Da za su tafi na raka su bakin ƙofa don ladabi. Dokta ya yi gaba wajen mota, Auta ta tsaya a baya. Hajiya ta kama hannuna, ta ture hannun rigar sama, ta duba tabon da babban yatsanta. Ta ce ƙunar ƙarfe ce, ta kai wata biyu, kuma ban sa mata magani yadda ya kamata ba. Sannan ta rage murya.

"Shekara talatin na yi a asibiti, Malama. Na san wanda ya haɗa magani, na san wanda ya riƙo tire kawai. Ranar Asabar in kin tashi daga darasinki ki zo min, ke kaɗai. Kada ki dafa komai."

Ta saki hannuna ta shiga mota.

Gidan ya yi tsit. Auta ta shige ɗaki ta rufo ƙofa, ina jin kukanta. Mayafina ta bar shi a ninke a kan kujera, kamar shi ne abin da ta ɗauka. Umma ta zo ta tsaya a ƙofar kicin, ta ce yarinya ce, ruɗin ƙuruciya ne, ni ce babba. Na ce mata na sani, ai tun ina shekara bakwai ake gaya min. Ta ɗan jima a tsaye, sannan ta tafi.

Na jiƙa kaskon, na kankare cukun da ya kama a gefe, na wanke, na goge, na shafa masa mai kamar yadda na saba. Katin da na rubuta wa Auta na tsince shi a bayan gwangwanin sukari, duk ya lanƙwashe don yawan riƙo. Ashe da gaske ta yi bitar darasin. Na mayar da shi inda na gan shi.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Dokta ne.

"Hajiya ta gane komai. Ta yi min faɗa sosai a mota. Ta ce ke take so, ba ta son jin wata magana. Kin ga Allah ya gyara mana, Malama. Komai ya wuce."

Na cire tabarau, na ninke, na ajiye a kan tebur. Amma kukan bai zo ba. Na mayar da shi idona na sake karantawa, yadda nake karanta aikin gida in na ga rubutun ɗalibi ne amma amsar ta wani ce. Da safe Hajiya ta ce Auta, ya yi shiru. Da yamma Hajiya ta ce ni, ya ce Allah ya gyara.

Na rubuta masa layi ɗaya: "Na ji wadda Hajiya take so. Kai wa kake so?"

Ya karanta nan take. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace. Ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Minti biyar, minti goma, ina zaune a kicin wayar na kan cinyata, ƙamshin albasa bai bar yatsuna ba.

Na san irin wannan shirun. Shirun yaron da ke tsaye gaban allo ne, yana satar kallon malama, yana jira ta raɗa masa farkon amsar. Kuma na san kalmar da yake jira. Tana nan a kan harshena, da na turo ta zai ƙarasa sauran da gudu.

Na kife wayar a kan tebur, na kama bakina.